A Kan Keke Tsakanin Gonakin Shayin Mambila

 Kafin ki yi nisa da wannan shafi, ina so ki tuna kofin shayin da kika sha yau da safe. Madarar kin san inda aka yi ta, tunda an rubuta a jikin gwangwani. Kin san mai shagon da ya auna miki sukari, burodin ma kin san gidan da ake gasa shi. To ganyen fa? Ni dai har na haura shekara talatin da biyar ina shan shayi safe da yamma ban taɓa ganin shukarsa ba, kuma da ɗalibaina za su tsare ni su ce in zana musu ita a allo, ina jin zogale zan zana. Sai a watan Afrilun 2025 Allah Ya kai ni inda ake noma shi a ƙasarmu, kuma a kan keke na shiga gonar. E, keke na ce, ba kuskuren ɗab'i ba ne.

Ga yadda abin ya faru. Ƙanena yana koyarwa a Nguroje, can saman tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Matarsa ta haihu cikin azumi, ba mu samu zuwa suna ba, sai muka shirya zuwa barka bayan ƙaramar Sallah kafin a koma makaranta. Shi kuwa maigida, tun da likita ya ce jininsa ya fara hawa ya kamata ya riƙa motsa jiki, ga kuma tsadar fetur da ta biyo bayan cire tallafi a 2023, sai ya sayo keke mai giya ya mayar da shi abin zuwa aiki. Ranar da za mu tashi na fito da kaya na tarar ya ɗaure keken a saman mota. Na ce, "Malam, barka za mu je ko tsere?" Ya ce shi da ƙanen nawa sun riga sun gama magana, za su zaga ƙauyuka. Na yi musu dariya har muka wuce Wudil.

Akwai wata magana da na baro a gida ba ta mutu ba. Babbar 'yata, mai shekara goma sha ɗaya, ta yi watanni tana naci a saya mata keken zuwa makaranta, saboda kuɗin adaidaita ya kai inda ya kai. Ni ce na hana. Da ta tambaye ni dalili, abin da na iya ce mata kawai shi ne, "Kin girma." Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga Kano tafiyar kwana biyu ce. Muka bi Gombe da Numan muka kwana Jalingo, washegari muka kama hanyar Garba Chede, Bali, Serti. A Serti ne hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti yake, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Nijeriya, kuma a cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Har zuwa nan zafi ne irin wanda kika sani, gumi na tsiyaya. Da aka wuce Mayo Selbe sai hanya ta fara hawa, tana naɗewa jikin dutse kamar rawani, hagu bango dama rami, an jima kuma su sauya wuri. Ban ɓoye miki ba, ba addu'ar da na sani da ban karanta ba. Kunnuwana suka toshe. Can sai na ji iska mai sanyi ta shigo ta taga, muka fito fili a wajen Maisamari, na ga abin da ban taɓa zaton akwai shi a Nijeriya ba: tuddai kore shar, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganin ido, shanu ja da fari warwatse a kansu, gajimare kuma na tafiya ƙasa-ƙasa kamar ka miƙa hannu ka ɗebo.

Dalilin sanyin ba ɓoyayye ba ne. Tsaunin Mambila ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6. Mun baro mutane suna kwana a tsakar gida saboda zafin bazara, muka tarar da jaririn da muka je gani cikin hular ulu da safa. Daren farko da bargo biyu na kwana. Alwalar asuba kuwa, ke dai bari.

Kwana biyu muna gida, ana ta hidimar maijego. A rana ta uku maza suka fito da kekunansu suna ba su iska, sai ga wani na uku jingine da bango, wai na ɗan maƙwabci ne aka aro. Na ce na wa? Ƙanena ya ce, "Haba Yaya, ba ke kika koya mini keke ba?" Gaskiya ya faɗa. Da tsohon Raleigh na Baba na koya, lokacin ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi, sai in zura ta ta ƙarƙashin sandar in tuƙa a karkace. Ni na riƙe masa kariya ina bin sa da gudu har ya iya. Da na shiga sakandare na daina. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce haramun ne, an dai ce na girma, ni kuma ban tambaya ba. Na dubi maigida, ya ce in ina so ga shi nan, hanyar ba kowa sai shanu. Na koma ɗaki na sa wando mai kauri a ƙarƙashin riga, na zaɓi hijabin da ya tsaya a gwiwa, na tattare bakinsa na ɗaure da igiya a ƙugu. Wannan ɗaurin ba kwalliya ba ne. Dogon hijabi ko mayafi in ya shiga tsakanin wayoyin taya, ko sarƙa ta cafke shi, wuya yake ja, kuma kin sha jin yadda ya yi wa mata a kan babur.

Ashe ƙafa ba ta mantuwa. Na yi tangal-tangal sau biyu, na uku sai ga ni ina tafiya. Muka fita bayan gari, iska na dukan fuskata, na ji wani daɗi da rabona da irinsa tun ina firamare. Daɗin bai kai minti goma ba muka zo tudun farko. Ban kai rabinsa ba numfashina ya tsaya a wuya, zuciya na bugawa kamar ana daka. Na sauka na durƙusa a gefen hanya, na ce shi ke nan tsufa ya zo. Ƙanena ya ce ba tsufa ba ne kawai, a irin wannan tudu iskar da mutum ke shaƙa ta fi ta ƙasa sirantaka, kowane numfashi yana kawo wa jiki ƙasa da abin da ya saba samu da wajen kashi ɗaya cikin shida, shi ya sa baƙo kan yi haki a kwanakin farko. Sannan ya nuna mini laifina: na bar keken a giya mai nauyi. A hawa, ana sassauta giya tun kafin tudu ya kama ki, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri ba tare da ƙarfi ba, ko da kuwa mai tafiya a ƙasa zai wuce ki. In ya gagara, a sauka a tura. Na tura keke a Mambila fiye da yadda na hau shi, kuma ban ji kunya ba, domin maigida ma da yake cika baki na gan shi yana turawa.

Mutanen wurin ba su cika hawa keke ba, kuma da na ɗanɗani tudun na gane dalili. Babur ne abin hawansu, sai tsofaffin Land Rover da suka girme ni, shaƙe da buhunan dankali da mutane a sama. Saboda haka duk inda muka bi kallonmu ake yi, yara na bin mu da gudu. Amma abin da keke ya ba ni, mota ba ta ba ni ba. A mota tuddan nan hoto ne kawai. A keke kuwa kowane tudu sai ki biya shi da guminki, sai ki san cewa matar da kika wuce ɗauke da itace a ka, tudun nan take hawa kullum. Kina jin ƙamshin bishiyoyin turare da aka shuka jere a gefen garuruwa, waɗanda da su ake gini da girki a can. Kina jin sanyi ya ƙaru da kin gangara kwari inda rafi yake, inda ake da ayaba da gwaza da fiya da masara. Kuma ba yadda za ki wuce mutum ba ki gaishe shi ba. A nan na koyi "jam na?" da "useko", domin Fillanci shi ne harshen kasuwa a can, ko da yake akwai Mambilawa da Kaka da Panso da Kambu, kowa da nasa harshen, Hausa ma ana ji.

Wani abu da na san shi a takarda tun muna kwaleji, amma sai a can ya zauna mini: wannan yanki bai shigo Nijeriya tare da sauran ba. Jamusawa ne suka riƙe shi a cikin Kamaru, bayan an ci su a yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila a matsayin amana. A watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Arewacin Kamaru ya zaɓi Nijeriya, ya shigo a ranar 1 ga Yuni na shekarar, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Sunan ne ya rage a kan Ƙaramar Hukumar Sardauna mai hedikwata a Gembu. Wato da ƙuri'ar ta juya, da fasfo zan nema kafin in je barkar ɗan ƙanena.

Muka yi kwana uku muna ƙara nisa kaɗan-kaɗan, cinyoyina na ciwo kamar an yi mini duka, maijego na yi mini dariya tana ba ni ruwan zafinta. A rana ta huɗu aka ce sai Kakara, inda gonakin shayi suke. Mota ta rage mana hanya, muka bar ta a wani ƙauye muka sauke kekuna, muka kama jar hanya. Bayan wani hawa da na tura tun daga gindinsa, muka kai ƙoli, sai ƙanena ya ce, "Yaya, ga zogalenki."

'Yar'uwa, gani ya kori ji. Ki ɗauka an shimfiɗa koren kafet a kan tudu gaba ɗaya, an bi shi da almakashi an daidaita, sannan an ja layuka sirara a jikinsa suna bin lanƙwasar tudun. Shukar ba ta wuce ƙugu ba, ganyenta na sheƙi, na ƙasa kore mai duhu, na sama sabon toho mai haske kamar an shafa masa mai. Da za a ƙyale ta, bishiya ce sosai da za ta fi ɗaki tsawo. Da gangan ake datse ta a daidai ƙugu, a mayar da samanta kamar tebur, domin hannu ya kai kuma ta yi ta fitar da sabon toho. Tana son ruwan sama mai yawa, da sanyi, da ƙasa mai tsami wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, shi ya sa gangaren tudu ya fi yi mata. Duk Nijeriya, a Mambila ne waɗannan suka haɗu har ake noma shayi na kasuwa. A shekarun 1970 aka kafa gonakin, kuma a Kakara ne masana'antar da ke yin Highland Tea take. A Kusuku, nan kusa, akwai reshen cibiyar binciken koko ta ƙasa, inda ake nazarin shayi da kofi. Duk da haka mafi yawan shayin da muke sha daga waje ake kawo shi. Sin ce kan gaba a duniya, sai Indiya, sai Kenya, wadda ita kaɗai take samar da fiye da tan 500,000 a shekara. Sunan ma baƙo ne, daga Larabci muka aro shi, su kuma asalinsa daga Sin ya zo musu.

Ba mu shiga babbar gona ba, tunda ba mu nemi izini ba. Muka gangara gefen ƙananan gonaki na mutanen ƙauye, waɗanda ke nomawa su sayar wa masana'anta ɗanyen ganye. A nan muka tarar da wata dattijuwa ita da 'yarta suna tsinka. Kwando ne goye a bayanta, ta ɗaura buhu a kan zaninta saboda raɓa, hannayenta biyu na aiki lokaci guda, tana cika tafi tana jefawa ta kan kafaɗa ba tare da ta waiwaya ba. Na yi sallama na ce, "Inna, sannu da aiki." Ta amsa da Hausarta mai karyewa, ta dubi keken, ta dube ni, ta yi dariya har kwandon na girgiza.

Na roƙe ta ta koya mini. Ta kama wani reshe ta nuna mini: toho ɗaya da bai buɗe ba, da ganye biyu na ƙarƙashinsa, shi ke nan. Na uku ya fara tauri, in ya yi yawa a kwando sai a rage wa ganyen daraja. Ba a fizga, ba a sa farce, da yatsa biyu ake karyawa. Na shiga layi ina dubawa ina zaɓa kamar mai tsintar shinkafa. Bayan wajen minti ashirin abin da na tara bai cika hannu biyu ba, rigata ta jiƙe sharkaf har ƙugu, bayana ya riƙe saboda tsayuwa a gangare ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ita kuwa ta kai ƙarshen layi ta juyo. Da ta zo karɓar nawa na ga yatsunta, sun rine sun yi baƙi, sun tsattsage a gefe. Ta zazzage abin da na tsinko a tafinta, ta fitar da kusan rabi ta zubar, ta ce, "'Yata, wannan na akuya ne."

A kan sikeli ake biya, kilo-kilo. Kuma ganyen ba ya jira, in ya daɗe cunkushe a kwando sai ya ɗau zafi ya fara lalacewa, dole a ranar ya isa masana'anta. A can ake baza shi ya yi yaushi, inji ya yayyanka shi ya murje, a bar shi ya sha iska har ya rikiɗe daga kore zuwa launin ƙasa, sannan a busar da shi da zafi a tankaɗe. Wannan shan iskar shi ne bambancin baƙin shayi da koren shayi. Shuka ɗaya ce, koren dai ana yi masa zafi da wuri don kada ya rikiɗe. Sai an tsinko kilo 4 da ɗoriya na ɗanye kafin a samu kilo 1 na busasshe. Ɗan ƙunshin nan mai zare da kike tsomawa a kofi, wajen giram 2 ne. Ki lissafa guda nawa gidanki ke ci a wata, sannan ki tuna kowane toho da yatsa aka karyo shi, kuma bayan mako ɗaya ko biyu sai an sake bin layin daga farko.

Tunda maganar ta zo, bari in faɗa miki abin da na faɗa wa maijegonmu: shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda jini ke bukata. Mai ciki da maijego da duk wadda aka ce jininta ya yi ƙasa, ta bar tazarar kamar awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi, kada kuma ta haɗiye ƙwayar ƙarin jini da shi.

Muna cikin haka Inna ta ɗaga kai ta dubi gabas ta ce mu kama hanya. Ni ban ga komai ba sai ɗan gajimare. Muka tsaya ɗaukar hoto, muka tsaya cin ayaba. Ba mu yi nisa ba hazo ya rufe tudun, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, jar hanyar nan ta zama santsi. Gabanmu kuma gangara ce, ita ce wadda na tura da safe. An gaya mini a gangara a matse birki biyu tare a hankali, a ja jiki baya, amma ba wanda ya gaya mini cewa robar birki in ta jiƙe ba ta kamawa nan take. Na matsa, keke bai tsaya ba. Tsoro ya kama ni na damƙe na gaba da ƙarfi. Abin da na sani kawai, ga ni kwance cikin taɓo, keke a kaina, gwiwa da gwiwar hannu na jini, tayar gaba ta lanƙwashe. Ƙasa da inda na faɗi kaɗan kwazazzabo ne. Maigida ya iso a guje ba launi a fuskarsa, yana cewa laifinsa ne. Na ce a'a, dattijuwa ta ce mu tafi muka tsaya ayaba.

Mota na da nisa, ƙauyen Inna ya fi kusa, sai muka juya muna tura kekuna, ina ɗingishi. Ta gan mu ba ta ce "ai na gaya muku" ba. Ta shigar da ni ɗakinta, ta ba ni zani busasshe, ta wanke mini ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, maza kuma aka kai su rumfa inda wani saurayi mai gyaran babur ya taka tayar ya miƙar da ita daidai gwargwado. Na yi sallata a kan tabarmarta. Sannan ta ɗora tukunya a murhu ta dafa shayi da madarar shanu sabuwar tatsa. Ban sani ba ko sanyi ne ko tsoron da na sha, amma ban taɓa shan shayi irin wannan ba.

Tana kallona ina kurɓa ta yi mini tambayar da na san tun safe take cinta. Wai ance muna da mota? Na ce e. To me ya sa muke wahalar da kanmu? Na ce don mu ga gari da kyau. 'Yarta ta fassara mata, ta yi shiru, sannan ta ce ita da za ta samu keken da za ta ɗora wa 'yar kwando zuwa wurin awo, ba don ganin gari ba. Ban samu amsar da zan ba ta ba. Na tambaye ta gonar tata ce? Ta ce ta mijinta ce da ya rasu, kuma ita ce ke biyan kuɗin makarantar jikoki. Daga nan ban ƙara tambaya a kan ƙasa ba, domin ƙanena ya riga ya ja mini kunne. Tuddan nan da baƙo ke gani fili fetal kamar ba mai su, kowane taku yana da mai shi, shi ya sa za ki ga waya mai ƙaya ta zagaye makiyaya. Rikicin ƙasa tsakanin manoma da makiyaya tsoho ne a can, kuma na watan Yunin 2017 ya ci rayuka da dukiya, har yau akwai gidajen da ba su warke ba. Baƙon da ya zo kwana bakwai ba shi da hurumin yanke hukunci, amma yana da hurumin kada ya tsallake shingen kowa don ɗaukar hoto, kada kuma ya tambayi mutum ƙabilarsa kafin ya gaishe shi.

Da za mu tafi na ɗan dunƙule wani abu na miƙa mata. Ta ƙi, har ta ɓata rai. Sai na ce na jikoki ne na littafi, sannan ta karɓa, ta cika mini leda da fiya.

In Allah Ya nufe ki da zuwa, ga abin da na koya da gwiwata. Ki tafi da rigar sanyi da ta ruwa ko da a Kano ana narkewa. Farkon damina ya fi, tuddai sun yi kore hanya kuma ba ta gama lalacewa ba, amma a fita da sassafe a dawo kafin azahar, domin ruwan ya fi zuwa da rana ta karkata. Kada ki hau keke ranar da kika isa, ki ba jiki kwana biyu. A duba birki kafin a duba komai, a tafi da famfo da kayan faci, saboda mai faci ba ya kowane ƙauye. Hular kwano tana zama a kan hijabi lafiya lau, ni ban sa ba, kuma da kaina ne ya sauka maimakon gwiwa da ba ni ke rubuta miki wannan ba. A tambayi mutanen gari lafiyar hanya kafin a fita, a tafi da ɗan gari mai jin Fillanci. In dattijuwa ta dubi sama ta ce ku tafi, ku tafi.

Akwai wuraren da ciwon ya hana ni zuwa. Su maigida sun je wajen dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ɗan ragowar kurmin tsauni inda har yanzu akwai birai irin chimpanzi, suka dawo suna ba ni labari ina zaune da ƙafa a miƙe ina jijjiga jariri. Gembu ma a mota na gan ta.

Muka dawo Kano da kwalayen shayi na tsaraba. Na raba wa malaman makarantarmu, na kuma zana wa 'yan ajina shukar a allo, toho ɗaya da ganye biyu. 'Yata ce ta ga tabon gwiwata tana shafa mini mai, ta tambayi abin da ya same ni. Na so in ce santsi ne, wanda ba ƙarya ba ne, amma ubanta yana zaune yana murmushi. Na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru, can ta ce, "Umma, ke ba ki girma ba?"

Ba mu yanke maganar a ranar ba. Titin unguwarmu ba jar hanyar Kakara ba ce, akwai adaidaita da tifa, kuma wannan tsoron nawa yana nan. Abin da muka yi shi ne, ubanta ya bi hanyar makarantar da kekensa sau uku har ya samo ta cikin lunguna wadda ba ta hau babban titi sai tsallakawa ɗaya, muka yi magana da iyayen wasu 'yan ajinsu biyu da ke layinmu don su riƙa tafiya tare. Aka kai hijabinta na makaranta wurin tela ya rage masa tsawo. Keken na hannu ne, shuɗi, mun sa an canja masa robar birki gaba da baya. Ranar Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi, ni ke riƙe mata kariya a filin bayan gidanmu.